Bin Sawun Masu Zanen Holan a Kangayen Rum

A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai wani babban zanen fenti na Jan Both, mutumin garin Utrecht, wanda ya yi wajen 1650. Kwazazzabo ne mai zurfi, ruwa na gangarowa tsakanin duwatsu, dogayen itatuwa sun miƙe sama, hasken la'asar ya zuba a kan komai kamar an barbaɗa zinariya. Can gefe ga wani mutum zaune da takarda a cinya yana zana abin da ke gabansa. Na daɗe a tsaye ina kallo, domin tun da na sauka Holan idona bai faɗa kan tudun kirki ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ma teku ya fi shi tudu, kuma tsauninsu mafi tsayi, can kudu kan iyaka da Jamus da Beljiyam, mita 322 ne kacal. Sama kuwa kullum a murtuke. To ina wannan bawan Allah ya samo duwatsu da irin wannan haske?

A Italiya ya samo su. Ya je Rum wajen 1638, ya koma gida a 1642, kuma har ya rasu a 1652 abin da ya gani can yake ta zanawa, yana zaune a Utrecht cikin sanyi da hazo. Ba shi kaɗai ba ne. Daga ƙarni na 16 har farkon na 19, samari masu zane daga Holan sun yi ta ɗaura tafiya ta makonni zuwa Rum, wasu su tsallaka tsaunukan Alps, wasu su ratsa Faransa su shiga jirgin ruwa a Marseille. Babban abin da suke komawa gida da shi shi ne tarin takardu, waɗanda suka zana da baƙin alli da alƙalami da tawada, suna zaune a gindin kango. Irin waɗannan takardu ba a cika rataye su a bango ba, saboda haske na cinye tawada, amma gidan tarihin ya ɗora hotunansu a intanet kyauta. Na cika wayata da su. Ɗan yayata da ke karatun injiniyan gine-gine a Rum ya daɗe yana mini tayin ziyara, sai na ce masa ya gyara mini shimfiɗa, ga ni nan tafe.

Ya so mu fara da inda kowa ke farawa, na ce a'a, mu fara da ƙofar da baƙin arewa ke shigowa ta cikinta a da. Ita ce Porta del Popolo, a ganuwar birnin ta arewa. Kana shiga za ka faɗa wani makeken fili, tituna uku sun rabu a gabanka. A bayan na hagu akwai wani siririn lungu, Via Margutta, shiru, ciyayi masu yaɗo sun lulluɓe bangaye, shagunan sayar da zane a jere. A wannan unguwa mafi yawan 'yan Holan suka yi haya, biyu ko uku a ɗaki ɗaya. Wajen 1620 suka kafa ƙungiya da suka kira Bentvueghels, kuma duk wanda ya shiga sai an raɗa masa laƙabi. Bartholomeus Breenbergh ya samu sunan wata 'yar dabba mai kama da tunku. Jan Asselijn, da yake hannunsa ɗaya a shanye yake, suka ce masa Ɗan Ƙaguwa. Herman van Swanevelt, mai son keɓewa a kangaye shi kaɗai, suka ce masa Mai Halwa. Karel Dujardin kuwa Gemun Bunsuru. Baƙi ne a garin da ba su jin harshensa sosai, da yawansu kuma ba 'yan ɗariƙar Katolika ba ne a birnin Fafaroma, don haka suka riƙe juna. Ko lokacin da ƙungiyar masu zanen Rum, Accademia di San Luca, ta nemi ɗora musu haraji, tare suka tsaya suka ƙi.

Washegari da sassafe muka shiga Forum, tsohon dandalin mulki da kasuwanci na daular Rum. Sai ka yanki tikiti, ka bi layi, a duba jakarka, sannan ka gangara. Gangarawar nan ita ce abu na farko da ya ja hankalina, domin inda ake takawa yau ya fi titin gari zurfi da kamu da yawa. Na tsaya gaban ginshiƙai uku da suka rage na haikalin Castor da Pollux, na buɗe waya, na miƙa wa yaron wani zane irin na su Cornelis van Poelenburch, ɗaya daga cikin masu zanen Holan ɗin.

Ya duba waya, ya duba ginshiƙan, ya ce, "Kawu, nan ɗin ne kuwa? Ai shanu nake gani a ciki."

Na ce, "Nan ne, ɗana. Kara ce a lokacin."

Haka take. A ƙarni na 17 sunan wurin a bakin mutanen gari Campo Vaccino, wato filin shanu. Ƙasa da ɓaraguzai da laka na shekaru aru-aru sun cike dandalin, ciyawa ta tsiro a kai, makiyaya suka mayar da shi wurin kiwo da ciniki. Kusa da ginshiƙan nan uku akwai wani babban kwamin dutse da dabbobi ke shan ruwa a ciki. Ana ganinsa a zanen da yawa daga cikinsu. A 1818 aka ɗauke shi aka kai gaban fadar Quirinale, yana can har gobe ruwa na zuba a cikinsa. Muka ƙarasa ƙofar nasara ta Sarki Septimius Severus, wadda aka gina a shekara ta 203. Shi wannan sarki haifaffen Leptis Magna ne, a Libiya ta yau, ɗan Afirka da ya mulki Rum. A tsofaffin zanen, ƙasa ta binne ƙofar har wajen ƙugu, ƙananan bakuna biyu na gefe sun kusa toshewa. Sai a 1803 aka fara tone ta. Yanzu ga ta tsaye ɗungurungum, har da dakalin da ta hau, mutum ya ɗaga kai ya ga girmanta na gaske. Masu haƙa sun yi aiki, ba na musun wannan. Amma abin da ya kama zuciyata a takardun 'yan Holan shi ne ba su kori kowa daga cikin zane ba. Ga mace tana shanya a igiyar da aka ɗaura jikin ginshiƙi, ga mai jaki ya tsaya hira, ga bukkar da wani talaka ya jingina da bangon haikali don ya samu bango ɗaya kyauta. Mutanen da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, a nan kaɗai suka rage.

Wanda ya fi kowa ba ni mamaki ya riga waɗannan zuwa da kusan shekara 90. Maarten van Heemskerck, wanda ya yi sana'arsa a Haarlem, ya iso Rum a 1532, shekara biyar bayan sojojin Sarki Charles na biyar sun wawashe birnin a 1527. Ya zauna 'yan shekaru yana yawo da littafin zane, kuma takardunsa suna ajiye a Berlin yanzu. Ya zana cocin San Pietro, babbar cocin Batikan, tana tsakiyar gini. An aza harsashinta a 1506, aiki ya tsaya cik, manyan bakuna na tsaye ba rufi, ciyawa ta fara tsirowa a kansu. In ba a gaya maka ba, sai ka rantse kango ne na shekara dubu, alhali ginin ko gamawa ba a yi ba. Sai 1626 aka ƙaddamar da shi.

Akwai kuma wani zanensa da na sa muka je neman wurinsa a gindin tudun Palatino, ta wajen tsohon filin sukuwa na Circo Massimo. Gini ne mai hawa uku na ginshiƙai, Septizodium, wanda shi ma Septimius Severus ne ya gina, yana fuskantar hanyar da matafiya daga kudu ke shigowa. Heemskerck ya tarar da ɓangare guda nasa a tsaye, ya zauna ya zana shi ginshiƙi bayan ginshiƙi. A 1588 Fafaroma Sixtus na biyar ya sa aka rushe abin da ya rage, aka kwashe duwatsun aka yi wasu ayyuka da su. Muka tsaya a wurin, motoci na wucewa, ciyawa da 'yan alamun harsashi kawai. Duk wanda ke son sanin kamanninsa yau, sai dai ya koma ga takardun irin su wannan baƙo. A nan tunanina ya tafi gida. Zanen Kano da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya yi daga kan Dala a 1851, har yanzu da shi muke nuna wa yara yadda birnin yake a da. Badalarmu kuwa tana zaizayewa a gaban idonmu, ana ɗibar ƙasarta, ana gini a kanta. Na so a ce cikin ɗalibanmu na zane akwai masu zama a gindinta damina da rani suna yi mata abin da Heemskerck ya yi wa wannan gini.

Kolosiyam, wato makeken zagayayyen filin wasa na Rumawan da, ba sai na ɓata lokaci wajen siffanta shi ba, kowa ya ga hotonsa. An buɗe shi a shekara ta 80, girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da bangon waje na kudu, daga nan aka mai da shi ma'ɗibar dutse. Abin da ya bambanta shi da wanda 'yan Holan suka gani shi ne tsiro. A zanensu kan bangayen nan kurmi ne, ƙananan itatuwa sun fito daga tsagu, saiwoyi na reto. Wani likita ɗan Ingila, Richard Deakin, ya ƙirga irin tsiro 420 a cikinsa a 1855. A 1871 hukuma ta sa aka tuge su. Na ce wa yaron ni dai na fi son sa da ciyawarsa.

Ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, saiwa ba ta da tausayi. Ta shiga tsaga ta yi kauri, ta ɓare dutse. Da an bar su, da rabin abin da kake gani ya zube."

Gaskiyarsa ce, kuma fanninsa ne. Duk da haka ban fasa jin cewa an tsirar da ginin amma an raba shi da rigarsa ba.

Yadda ake irin wannan zane kuwa, a bakin kogin Tibar na gan shi da idona. Akwai wata gada da ake kira Ponte Rotto, wato karyayyar gada, wadda aka gina tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ambaliyar 1598 ta tafi da rabinta. Asselijn ya tarar da bakuna uku sun miƙo daga gaɓa sun tsaya a tsakiyar ruwa, ya zana su haka. A 1887 aka rushe biyu don a samu wurin sabuwar gada ta ƙarfe, saura ɗaya tilo tsaye a cikin kogi, ciyawa a kansa. Muna gangarawa matakala sai ga wani dattijo a kan 'yar kujerar naɗewa, allo a cinya, kwalbar ruwa da 'yar tasa a gefensa. Yaron ya gaishe shi da Italiyanci, ya nema mana izinin kallo, ya gyaɗa kai bai ɗago ba.

Da farko ya miƙa hannu da fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya sa babban yatsa ya auna tsawon bakan da faɗinsa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Ya ja layuka siraran da da ƙyar ake ganinsu. Sannan ya ɗiga tawada ruwan ƙasa a tasa, ya tsinka ta da ruwa, ya tsoma burushi, ya shafa ƙarƙashin bakan da shafa ɗaya. Ya jira ta sha iska, ya ƙara wata mai ɗan kauri a can ciki inda duhu ya fi. Gefen da rana ke duka bai taɓa shi ba ko kaɗan, ya bar farar takarda yadda take. Nan take dutsen ya taso daga takardar, ka ce ka sa hannu ka ji zafinsa. Ya yi magana a taƙaice, yaron ya fassara mini: wai inuwa tafiya take yi, in ka tsaya gyare-gyare za ka ɗago ka tarar ta bar inda ka san ta. Da na koma kan takardun Breenbergh a wayata, wanda ya zauna Rum daga 1619 na kimanin shekara goma, sai na gane abin da nake gani. Wannan hasken mai kashe ido da ke jikin bangayensa, takarda ce tsura da ya bari. Mutumin da ya tashi a ƙasar da inuwa ba ta da kaifi, ya zo ya tarar da rana tana yanka bango gida biyu, fari da baƙi, dole hannunsa ya koyi sabon aiki.

Wata safiya muka hau bas zuwa Santa Costanza, a kan titin Nomentana, bayan ganuwa. Gini ne zagayayye na ƙarni na 4, hubbaren Constantina, 'yar Sarki Constantine. A ciki ginshiƙai bibbiyu sun kewaye tsakiya, rufin zagayen kuma an ƙawata shi da ƙananan duwatsu masu launi, an fitar da siffar kuringar inabi da masu tsinka da masu matsa. Saboda waɗannan siffofi, da irinsu da ke jikin akwatin gawa na jan dutse da ke wurin, mutanen wancan zamani suka ɗauka kabarin Bacchus ne, gunkin giya na Rumawa. Don haka duk daren da 'yan ƙungiyar suka karɓi sabon shiga, bayan sun kwana ci da sha da kuɗinsa, sai su yi jerin gwano zuwa nan da asuba. Wannan ɓangare na rayuwarsu bai burge ni ba, kuma hukumar coci ma bai burge ta ba, musamman yadda suke kwaikwayon baftisma da giya. A 1720 Fafaroma Clement na sha ɗaya ya haramta taron nasu. Ainihin akwatin yana gidan tarihi na Batikan yanzu, kwafinsa ne a wurin. Amma a cikin alkukan bango na kusa da shi sunayensu na nan, wasu an kankara, wasu an rubuta da alli, suna da laƙabi, wani kan wani. Na matsa kusa na kafa ido. Samari ne da suka bar iyayensu a nesa, wasunsu ba su sake ganin gida ba. Andries, ɗan'uwan Jan Both, a 1642 ya faɗa magudanar ruwa a Venice ya nutse, Jan ya koma Utrecht shi kaɗai.

Tivoli ce ta fi cin ƙafata. Gari ne a kan tudu, kimanin kilomita 30 gabas da Rum, tafiyar wajen awa ɗaya a jirgin ƙasa. A hanya za ka wuce manyan ramukan da ake fasa farin dutsen da aka gina Kolosiyam da irinsa, har yau ana fasawa. Babu mai zanen Holan da zai zo Rum bai hau nan ba. A bakin wani kwazazzabo, daf da gefe, akwai ƙaramin haikali zagayayye na ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ginshiƙansa 18 ne a da, 10 suka rage. A zanen ƙarni na 17 kogin Aniene yana zubowa nan kusa da shi, cikin gari, gidaje na leƙen ruwan. Na tsaya inda nake zaton sun tsaya, na ga haikali, na ga kwazazzabo, babbar magangarar ruwan ce babu. A 1826 kogin ya yi ambaliya ya ci gidaje da yawa. Fafaroma Gregory na sha shida ya sa aka huda dutsen Catillo aka karkatar da ruwan ta ciki, aka buɗe aikin a 1835. Yanzu can nesa da gari yake faɗowa, daga tsayin sama da mita 100.

Muka bi matakala muka gangara cikin kwarin. Sanyi ya ƙaru, duwatsu sun yi gansakuka, rugugin ruwa na fitowa daga kogunan dutse da kogin ya rarake tun fil azal. Daga can ƙasa na ɗaga kai na hango haikalin a sama, ɗan mitsitsi, rana na dukan ginshiƙansa, mu kuwa muna cikin inuwa. Daga irin wannan wuri da yawansu suka zana shi, kuma sai da na ji gwiwoyina a hawan komawa na san abin da suka biya, ga jakar takardu da kwalbar tawada a kafaɗa, ba matakala irin ta yau.

A hanyar komawa yaron ya tambaye ni ko duk abin da ke cikin zanen fentinsu gaskiya ne. Na ce takardun sun fi fentin riƙon amana. In sun koma Holan, mai saye yana son ganin Italiya a bangon falonsa, sai mai zane ya ɗauko ginshiƙi daga wannan takarda, gada daga waccan, tsauni daga wata, ya haɗa wurin da babu shi a duniya. Kasuwar ta yi ƙarfi har waɗanda ba su taɓa tsallaka Alps ba suka shiga. Aelbert Cuyp na Dordrecht bai je Italiya ba, amma ya ɗauki hasken Jan Both ya zuba wa shanun Holan a bakin kogunan Holan. Wani kuwa ya zo bai koma ba. Caspar van Wittel, mutumin Amersfoort, ya iso Rum wajen 1675, ya yi aure, Italiyawa suka mai da sunansa Vanvitelli, a nan ya rasu a 1736. Ɗansa Luigi shi ya tsara babbar fadar Caserta kusa da Napoli.

Kafin mu koma masauki na ce mu biya ta titin Giolitti, gefen babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini. A can, matse tsakanin layin dogo da gidajen haya, akwai wani kango na jan bulo mai kusurwa goma, na ƙarni na 4, wanda ake kira haikalin Minerva Medica ko da yake ba haikali ba ne, zauren shaƙatawa ne na wani lambun masu mulki. A zamanin masu zanen Holan gonakin inabi ne suka kewaye shi, kuma ƙubbarsa na nan, ta huje a wurare, ana ganin haƙarƙarin bulo da ke riƙe da ita. Josephus Augustus Knip, wanda ya zauna Rum daga 1809 zuwa 1812, yana cikin na ƙarshe da suka same ta haka. A 1828 ta rufta. Muka leƙa ta shingen ƙarfe, jirage na shiga da fita a bayansa. Yaron ya karɓi wayata ya faɗaɗa hoton, ya daɗe yana bin layukan bulon da yatsa, yana ɗaga kai yana neman inda suka karye a jikin ginin.

Ya ce, "Kawu, turo mini wannan da duk wasu irinsa. Muna da darasi kan yadda Rumawa ke ɗora ƙubba, kuma a nan ana ganin cikinta."

Na tura masa nan take, muka tsallaka titi zuwa unguwar Esquilino neman abincin dare.